Shirin Musamman: Kakin Da Ke Kare Fentin Manyan Motoci

A shirinmu na yau za mu leƙa wuraren wankin manyan motoci, domin duba wani mataki da masu motocin haya da dama ke tsallakewa, wato fesa kaki bayan wanki.

Tirelar da ta ɗauko kaya daga Apapa zuwa Kano tana shan wuya. Ta baro iska mai gishiri a bakin teku, ta sha hayaƙin dizal a hanya, ta kwana a Tafa ko Mararrabar Jos, sannan rana da ƙurar hunturu su tarbe ta. Injin wanki mai ƙarfin ruwa yakan fatattaki wannan dauɗa cikin ɗan lokaci, amma yakan bar fenti ba kariya. A nan kaki ke shigowa. Abin da man kaɗanya ke yi wa fata a lokacin sanyi, shi kaki ke yi wa jikin mota: ruwa ya zame, ƙura ta kasa kamawa, wanki na gaba ya ci sabulu da ruwa kaɗan.

Fitaccen kakin mota shi ne carnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Celsius, shi ya sa yake jure rana. Akwai kuma na haɗin sinadarai, wanda ya fi shi daɗewa. Mai motoci da yawa ba zai iya goge kowacce da hannu ba, don haka na ruwa da ake zubawa a injin feshi ya fi dacewa da shi.

To yaya ake yi? A fara da sabulun mota daga ƙasa zuwa sama, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa har kumfa ya ƙare. Kakin da aka fesa kan datti, dattin yake rufewa. Daga nan a rage ƙarfin injin, a fesa kakin a inuwa, lokacin da jikin motar ya huce, don idan ƙarfe na da zafi kakin zai bushe ya bar tabo. A ƙarshe a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta.

Ga gargaɗi ga yaran wanki: kada kaki ya taɓa gilashin gaba, domin yana hana direba gani sosai da daddare ko cikin ruwan sama. A kuma nisanta shi da birki, da tayoyi, da matakalar hawa, saboda santsi. Garin sabulun wankin kaya kuwa yana kankare kaki, don haka a bar shi ga tufafi.

Kaki ba ya warkar da tsatsar da ta riga ta kama, kuma na feshi makonni kawai yake yi, sai an sabunta. Duk da haka, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabon fenti ba.

Masu motoci da direbobi, ku sanya kaki cikin tsarin wankinku tun fenti na da ƙarfinsa.