Gaskiya da Ƙarya Game da Yanka Rubutu da Tamfilet a C++

Yanka rubutu shi ne a ɗauki layi guda, kamar "Rano,Kibiya,Bunkure", a raba shi a kan kowane waƙafi, sunayen ƙananan hukumomin uku su fito daban-daban. A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a 1979, ana iya yin wannan aiki da tamfilet mai karɓar nau'o'in bayani komai yawansu, wanda ya shigo cikin ƙa'idar harshen a 2011. Maganganu huɗu ne ke yawo a kansa tsakanin masu koyon rubuta manhaja.

Ta farko, wai kwampaila, wato mai harhaɗa manhaja, ita ce ke yanka rubutun tun manhaja ba ta fara aiki ba. Ba haka ba ne. Fasalin layin kaɗai kwampaila ta sani. Idan rajistar manoman Kibiya na ɗauke da sunan gari, yawan buhuna da farashi, kwampaila za ta ƙera aiki mai gurbi uku daidai, kamar abin buga bulo da ke jiran siminti. Abin da ke cikin fayil kuwa sai manhaja ta tashi ake karanta shi. Rubutun da aka kafe cikin manhajar tun asali ne kawai ake iya yankawa da wuri, ta hanyar constexpr, wato yin aikin tun lokacin harhaɗawa.

Ta biyu, wai tamfilet ne sirrin saurin wannan dabara. Akwai ƙamshin gaskiya, amma mafi yawan saurin daga daina kwafi yake zuwa. string_view, na ƙa'idar 2017, mafarin kalma da tsawonta kawai yake riƙewa, ba ya neman sabon wuri a ma'adana.

Ta uku, wai dabarar ba ta da illa. Ƙarya ne. Harhaɗawa kan ɗauki lokaci, manhaja kan ƙara nauyi, saƙon kuskure kan yi tsawo. Idan kuma aka goge layin asali, string_view zai koma nuna wurin da babu tabbas.

Ta huɗu, wai tana kama kuskure da wuri. Gaskiya ne idan kuskuren nau'i ne daga mai rubuta manhaja. Amma idan magatakarda ya rubuta "goma" a gurbin 10, sai a lokacin aiki za a gane.

Dabarar ta dace da layukan da fasalinsu ba ya canzawa, kuma awo ne ke tabbatar da saurinta, ba ji-ta-ji-ta ba.