Inkscape: Manhajar zane ta kyauta da saɓani ya haifa

Duk wanda ya taɓa kai tambarin makaranta ko na ƙungiya maɗaba'a don a buga shi a kan babban ƙyalle ya san wannan takaici. A waya tambarin tsaf yake, amma da an faɗaɗa shi sai gefensa ya kakkarye, rubutun ya yi dishi-dishi. Mai bugawa ya ce, "Malam, wannan sai an sake zana shi." Sake zanawar kuwa kuɗi ne.

Dalilin haka shi ne hotunan kwamfuta iri biyu ne. Wanda kyamara ke ɗauka tarin ɗige-ɗige ne masu launi, kuma adadinsu ƙayyadadde ne, idan an ja hoton sai ɗigon su kumbura har ido ya gan su. Iri na biyu shi ne wanda masu sana'ar ke kira bekta. A nan kwamfuta ba ɗigo take ajiyewa ba, umarni take ajiyewa: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi kaza, cika cikinsa da kore. Duk girman da aka nema, sai ta sake lissafin ta zana sabo. Shi ya sa tambari ɗaya zai fito garau a kan bajon ɗalibi, ya kuma fito garau a kan allon talla na bakin titi. Lissafin lanƙwasar ma daga masana'antar mota ya fito: Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault, dukansu a Faransa, su suka yi aiki a kansa wajen fasalta jikin mota, shekara sittin da wani abu da suka wuce.

Manhajojin da suka yi suna a wannan fanni na kuɗi ne. Adobe Illustrator ta fito a 1987, CorelDRAW ta ƙasar Kanada ta biyo baya a 1989. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayarwa ɗaya, ya koma karɓar kuɗin haya na wata-wata ko na shekara. Ga matashin da ke fara sana'a da tsohuwar kwamfuta, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Shi ya sa da yawa ke komawa ga kwafin sata, wanda bayan cin haƙƙin mai shi, yakan zo da cutar kwamfuta a ciki.

Akwai hanya ta uku, sunanta Inkscape. Kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya ce, wato rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa na iya karantawa ya gyara.

Tarihinta ya faro ne a 1999, lokacin da wani masanin kwamfuta, Raph Levien, ya rubuta wata ƙaramar manhajar zane mai suna Gill. Sai Lauris Kaplinski, mutumin ƙasar Istoniya, ya ɗauki wannan aiki ya gina Sodipodi a kansa. Kalmar a harshensu maganar yara ce, tana nufin tarkace ko abin da aka cakuɗa. Sodipodi ta samu karɓuwa, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka shigo suna taimakawa.

A 2003 aka samu saɓani. Huɗu daga cikin masu aikin, Ted Gould da Bryce Harrington da Nathan Hurst da wani da aka fi sani da laƙabin MenTaLguY, suna son a buɗe ƙofa sosai ga gudummawar mutanen waje. Suna kuma son manhajar ta bi ƙa'idar SVG sau da ƙafa. SVG tsari ne na ajiye zanen bekta wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta tabbatar a 2001, kuma ba mallakar wani kamfani ba ne. Da ra'ayi ya ƙi zuwa ɗaya, sai mutum huɗun suka kwafi aikin gaba ɗaya suka ci gaba da shi da sabon suna a watan Nuwamban 2003.

A kamfani, wannan da sai kotu. A nan kuwa lasisin GPL da Sodipodi ke ƙarƙashinsa ya halatta hakan tun farko: ɗauki, gyara, rarraba, da sharaɗin kai ma ka bar naka a buɗe ga na bayanka. Sodipodi ta fitar da sigarta ta ƙarshe a 2004, daga nan ta tsaya. Da a ce manhajar kulle take a hannun mutum ɗaya, da aikin shekarun nan ya tafi da ita. Lasisin ne ya sa wahalar Levien da ta Kaplinski ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Tafiyar ba ta yi sauri ba, domin akasarin masu aikin ba albashi suke karɓa ba. Sun sauya harshen ginin daga C zuwa C++. Daga 2005 ɗalibai suka riƙa shigowa ta shirin koyon aiki na hutun bazara da Google ke ɗaukar nauyi. Siga ta 0.48 ta fito a 2010, ta 0.91 sai 2015. Sai ranar 4 ga Mayun 2020, kusan shekara 17 da farawa, suka yarda su sa mata lamba 1.0. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan nan abin ya ɗan ƙara gudu: a 2022 siga ta 1.2 ta kawo damar yin shafuka da yawa a fayil ɗaya, 1.3 ta fito a 2023, 1.4 a 2024. Kuɗin gudummawar da jama'a ke bayarwa kuwa wata ƙungiyar da ba ta neman riba a Amurka, Software Freedom Conservancy, ita ke riƙe musu.

To me za ta yi wa malami ko mai ƙaramin shago? Za ta zana taswira da siffofin lissafi na takardar jarrabawa, da takardar shaidar kammala karatu, da katin ɗaurin aure. Tana iya bin hoton tsohon tambari ta mayar da shi bekta, ta hanyar wata manhaja mai suna Potrace ta Peter Selinger da aka haɗa a cikinta. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Sau nawa aka buga takarda ƙ da ɗ da ɓ suka koma ɗan akwati saboda kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin haruffan? A Inkscape kana iya mayar da rubutu ya zama zane kafin ka tura, na boko ne ko na Larabci, yadda ba abin da zai sauya. Sai dai ka ajiye kwafi tukuna, domin da ya zama zane ba ya gyaruwa kamar rubutu. Masu ɗinkin keken surfani na zamani ma suna da ƙarin da ake ɗora mata mai suna Ink/Stitch.

Tana da nata raunin. An gina ta a kan launin allon kwamfuta, alhali manyan injinan bugu da tawada huɗu suke aiki, don haka launi na iya ɗan sauyawa a takarda. Masu aikin bugu mai yawa sukan ƙarasa shi a Scribus, ita ma kyauta ce. Fayil mai nauyi yakan sa ta jan ƙafa. Idan maɗaba'arku CorelDRAW kaɗai ta sani, ka tura musu aikin a PDF. Sannan ta kwamfuta ce, ba ta waya ba.

Tana aiki a Windows da Linux da macOS, akwai ta da Turanci da Faransanci, kuma da an sauke ta ba ta bukatar intanet. A sauke ta daga shafin masu ita, inkscape.org, kada a karɓa daga wanda zai ce sai an biya. Fayil ɗaya a filasha ya isa a zuba wa duk kwamfutocin makaranta, kuma lasisin ya yarda da haka. Malamin da ke da ɗakin kwamfuta zai iya farawa da darasi ɗaya: ɗalibai su sake zana bajon makarantarsu, a ajiye fayil ɗin a ofishin shugaban makaranta don bugu na gaba.