Masu Guduma a Bakin Hanyar Gombe

Da kaka ta wuce, ciyawa ta kwanta, akan ga mota ta tsaya a bakin hanyar Gombe wajen Inkil, ta sauke samari da 'yan mata riƙe da guduma, kamfas da ɗan littafi. Su hau falalen dutse, su tsuguna, su ɓalle ɗan guntu, su ƙura masa ido ta wani ƙaramin gilashi. Na taɓa jin wani dattijo ya tare ɗayansu: "Yaro, in zinari kuka gani ku faɗa mana, gonar nan tamu ce." Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, karatu muke yi." Dattijon bai yarda ba, ni ma a lokacin da ƙyar.

Karatun ne kuwa. Ɗaliban ilimin duwatsu ne, irin waɗanda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke horarwa, kuma a fanninsu allo ba ya wadatarwa, sai an taka sayyada an je inda dutsen yake.

Sun yi dace da gari. Akwai wani dutse mai duhu da ɗan kore-kore a kewayen Bauchi wanda Baturen nan J. D. Falconer ya ambata a littafinsa na 1911 kan ƙasar Arewa. Daga baya Farfesa Mosobalaje Oyawoye na Jami'ar Ibadan, ɗan Offa, ya zauna ya yi masa nazari, a 1965 ya gabatar da shi ga duniya da sunan bauchite, wato dutsen Bauchi. Masana a Ingila da Faransa sun san sunan garinmu ta dalilinsa, mu kuwa da shi ake shanya barkono. Shekarunsa sun kai kimanin miliyan 600. Narkakken dutse ne da ya sandare a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta kankare abin da ke bisansa har ya fito fili. Shi ya sa ƙwayoyinsa manya ne, ana ganinsu da ido. Wanda ya huce da gaggawa a sarari ba ya samun sukunin yin irinsu.

Mai karatu zai ce wa ya ƙirga shekarun? Cikin dutsen akwai ƙananan ƙwayoyin zirkon masu ɗauke da yuraniyom, shi kuma yana rikiɗa ya zama dalma a kan wani lokaci sananne. Ana auna nawa ya rikiɗa, nawa ya saura, sai lissafi ya fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda hanyar Gomben kanta take zama darasi. Daga Inkil har kusa da Dindima, inda ake haye kogin Gongola kuma ake karkata zuwa Yankari, tsohon dutse ne mai tauri. Ana doshin Alkaleri sai ƙasa ta sauya: dutsen yashi hawa-hawa, da farar ƙasa da ake haƙa. Wannan abin da tsofaffin koguna suka jibge ne. Cikin irinsa ruwan Wikki na Yankari yake ɓulɓulowa da ɗuminsa na digiri 31, rani da damina. Gaba a Ashaka akwai dutsen da ake yin siminti da shi, cike da ɓawon halittun teku, domin kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce teku ya kwanta a wajen. Man Kolmani da aka sanar da samunsa a 2019, aka kuma ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022, a cikin waɗannan shimfiɗaɗɗun duwatsu yake. Duk wanda ya ce maka zai tono fetur a gindin dutsen Inkil, riƙe aljihunka.

Aman wuta fa? Muna jin labarinsa a rediyo kamar abin Indunisiya kaɗai. Amma Dutsen Zaranda da ke hanyar Jos, da tsaunukan Ningi da Burra, saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, na wajen shekaru miliyan 180 zuwa 190, kawunansu sun zaizaye. Jeri ne guda da ya taso daga tsaunukan Azbin a Nijar, ya bi ta Damagaram, ya ratso Jos, kuma daga cikinsa kuzar da ta gina Jos ta fito. Mai son ganin bakin dutsen da idonsa ya tafi Biu, tafkin Tila a cikin ramin aman wuta yake zaune. 

A ganina amfanin da ya fi kusa da mu shi ne ruwa. Dutsen da Inkil ke kai ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa burtsatse ya samu, kai ka haƙa taku hamsin daga nan ka tashi da ƙura da bashi. Ɗalibin da ka ga ya kwantar da kamfas a jikin fa, alkiblar tsagar yake aunawa, kuma gobe shi za a kira ya nuna inda za a kafa injin.

Dattijon nan dai, da motar ta tashi, sai da ya je ya ɗauki ɓallin da suka bari, ya jujjuya shi a rana, ya sa a aljihu.