Ƙasarka za ta iya hana ka shiga gida? Ga abin da doka ta ce

Jama'a, wannan tambaya mun fi jin ta a Babbar Kasuwa ta Yamai, wajen ƴan kasuwa masu zirga-zirga Kwatano, Lome da Kano. Tun da aka rufe iyakoki lokacin korona a watan Maris 2020, aka sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutane ke tambaya: in na fita sayo kaya aka rufe hanya, ko takarduna suka ɓata, ƙasata tana da ikon ta ce ba zan shigo ba? Ƴan uwanmu na Akara da Abijan ma suna aiko mana da irinta. To, amsar ta rabu biyu, ta ɗan ƙasa daban, ta baƙo mazauni daban.

Mu fara da ɗan ƙasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan ƴancin ɗan adam da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta hana a tsare wa mutum hanyar shiga ƙasarsa haka kawai bisa son rai. Wannan yana cikin sashe na 12. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ita ma ta ba kowa ƴancin fita da komowa gida. Gwamnati tana iya bincika ka a bakin iyaka, ta killace ka in akwai annoba, ta ma kama ka in kotu na nemanka. Amma ta mai da kai waje ta rufe ƙofa, wannan doka ba ta yarda ba. Dalilin a fili yake: in ƙasarka ta ƙi ka, wace ƙasa ce tilas ta karɓe ka? Shi ya sa ƴan Nijar da Aljeriya ke korowa ta Asamaka, ba a cewa su koma, karɓar su ake yi.

Sai dai akwai wata hanya da gwamnatoci ke bi, wato su ce kai ba ɗan ƙasa ba ne. A watan Janairu 1980, hukumomin Najeriya suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, suka kai shi Cadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ya komo gida. A nan Nijar, a watan Oktoba 2024, hukumomi sun janye wa mutum 9 na kusa da tsohuwar gwamnati zama ɗan ƙasa na wucin gadi, bisa wata doka ta Agusta 2024 kan ta'addanci da taɓa muradun ƙasa. Masu goyon baya sun ce tsaron ƙasa ne. Ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma suka ce ana iya barin mutum ba ƙasa ko ɗaya, abin da yarjejeniyar 1961 ta nemi a kauce masa.

Shi kuwa baƙo mazauni, lamarinsa ya fi rauni. Katin zama izini ne ƙasa ta ba ka, tana iya janye shi. Ko yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, da ta ba da kwana 90 ba biza, ta bar wa kowace ƙasa damar ƙin wanda dokarta ba ta yarda ya shigo ba. Tsofaffinmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka tattara akwai mutanen zango da aka haifa can, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Najeriya ma ta yi irin haka a 1983. Gaskiya kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 1999 cewa ƙasar mutum tana iya zama wadda ya daɗe ciki ya kafa iyali, ko ba shi da fasfonta. Amma ɗan sandan bakin iyaka takarda yake dubawa.

Nan ne gizo ke saƙar. Ƴancin komowa gida naka ne, amma sai ka nuna kai ɗan gida ne. Yaro ne an haife shi a Kumasi, uba ɗan Tawa, ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba, ba a rubuta shi a ofishin jakadanci ba. Ranar da aka kore shi, da me zai shaida?

Don haka ga shawararmu. Ku da ke waje, ku yi katin ofishin jakadancin Nijar, ku rubuta kowane yaro da aka haifa. In fasfo ya ɓata, can ake ba da lesefase, takardar da za ta kawo ka gida. Ku na ƙauye, ku kai haihuwa mairi da wuri. Wanda lokaci ya wuce masa, sai ta hannun alƙali. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa kuwa a kotu ake karɓar ta, da takardar haihuwarka da ta mahaifi ko mahaifiya. Ƴan kasuwa kuma, tun da Nijar ta fita CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ku riƙa tambayar takardun da ake nema kafin ku hau mota, ku bar kwafinsu a gida wajen wanda kuka yarda da shi, ku kuma ajiye hotonsu cikin waya.