Soket Da Makunni Su Ma Suna Tsufa: Jan Kunne Ga Masu Gidaje A Azare Da Katagum

Idan mutumin Azare da ke neman kuɗi a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya tashi aika tsaraba gida, ba safai ake rasa kayan lantarki a cikinta ba. Wani firji zai sayo a kasuwar Alaba, wani dutsen guga da hita, wani kuma fanka da talabijin. A ɗaure su a mota, su bi ta Kano su isa gida, iyali su yi murna su sa albarka. Amma abin da mai aiken bai cika tunawa da shi ba shi ne ɗan ramin nan na jikin bango inda za a soka waɗannan kaya, watau soket, da kuma makunnin da yara ke dannawa dare da rana. Su ma kaya ne, suna gajiya suna tsufa, kuma tsufansu na iya cin gida da abin da ke cikinsa.

Azare dai babban gari ne a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tun cikin 1916 aka dawo da fadar Sarkin Katagum nan daga tsohon garin Katagum, wanda yanzu shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki. Garin ya bunƙasa ƙwarai bayan kafa Jihar Bauchi a 1976, kuma akwai gidaje da yawa da aka ja wa waya tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972. Daga baya NEPA ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wutar Jihar Bauchi ga kamfanin rarraba wuta na Jos. Suna ya canja sau biyu, amma a gidaje da dama soket ɗin da aka kafa ran farko shi ne a bango har yau. Kuma ya kamata a sani cewa daga mita zuwa cikin ɗaki ba aikin kamfani ba ne, nauyin maigida ne.

A wancan lokaci, abin da gida ke buƙata bai wuce ƙwan fitila da fanka da rediyo ba. Yau kuwa a kan wayar nan guda ake ɗora firji da injin daskarar da ruwa na sana'ar uwargida da dutsen guga da cajin wayoyin hannu na mutum goma.

Yadda Soket Ke Lalacewa

A cikin kowane soket akwai wasu 'yan ƙarafa na tagulla masu kama da baki, waɗanda ke damƙe ƙafafun filogi idan an soka. Muddin damƙar nan tana da ƙarfi, wuta za ta wuce lafiya lau. To, yau a soka gobe a zare, sannu a hankali bakin sai ya saki. Da zarar ya saki, sai wuta ta riƙa ratsawa ta ɗan ƙanƙanin wuri, wurin ya ɗauki zafi. Zafin kuma shi ke ƙara kashe ƙarfin tagullar, ta ƙara saki, zafi ya ƙaru. Haka abin zai yi ta tafiya har robar ta yi baƙi ta narke. Haka nan idan sukurun da ke riƙe da waya a bayan soket ya kwance.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Idan wutar da ke bi ta wuri ta ninka sau biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa soket ɗin da ya shekara yana cajin waya ba tare da wata alama ba, ran da aka soka masa hita sai ya yi hayaƙi.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma soket mai ramuka uku masu kusurwa, wanda aka gada daga Ingila, an yi shi ne don ya ɗauki amfiya 13, watau kimanin wat 3,000. Alal misali, idan aka haɗa dutsen guga mai wat 1,200 da butar lantarki mai wat 2,000 a kan wayar ƙari guda, an riga an wuce iyaka, ko da kuwa soket ɗin sabo ne fil. Kowane kayan lantarki yana da ɗan rubutu a jikinsa mai nuna yawan wat ɗin da yake ci, ba sai an tambayi kowa ba.

Makunni kuwa, duk lokacin da aka kunna ko aka kashe shi, wani ɗan tartsatsi kan tashi a cikinsa wanda ido bai cika gani ba. Tartsatsin nan yana cin bakin ƙarfen kaɗan kaɗan. In ya tsufa sai a ga fitila tana ƙyaftawa, ko a ji makunnin yana ƙara kamar ana soya wani abu, ko kuma sai an tsayar da shi a tsakiya kafin fitila ta kama.

Abin Da Ƙasar Ke Ƙarawa

Yanayin ƙasar Katagum ma yana da nasa hannu. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta taru a cikin soket. Zafin bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, yana busar da roba har ta tsage. Da damina kuma bango ya sha laima, ƙura ta jiƙe, ƙarfe ya yi tsatsa. Tururuwa da kyankyasai su ma sukan mai da akwatin soket gidansu. A garuruwan bakin kogi kamar na yankin Zaki, inda akan yi fama da ambaliya, duk soket ɗin da ruwa ya taɓa shanyewa canja shi ake yi, domin laka da tsatsa suna nan ciki ko da ya bushe a ido.

Sai kuma halin wutar kanta. In ta zo da rauni, injin firji yakan yi ta kokawar tashi yana jan wuta fiye da ƙa'ida, soket ya sha zafi. In an ɗauke ta kuma, mutane sukan manta da dutsen guga ko hita a kunne su fita ko su kwanta, a kawo wuta tsakar dare ba mai gani. Gidajen da ke da janareta ko sola kuwa suna da wani haɗarin. Wasu maimakon su sa makunnin sauya layi, sai su yi waya mai filogi biyu, ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. Ƙafafun filogin da ke hannu suna ɗauke da wuta tsirara, kuma wutar na iya komawa kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke bisa falwaya.

Amma babban abin da ke kashe soket shi ne hannun mutane. Ramin sama na soket, watau na wayar ƙasa, shi ke buɗe 'yan ƙofofin da ke rufe ramuka biyu na ƙasa, kuma an yi haka ne don kada yaro ya tura ƙusa. Sai a kawo caja mai ƙafa biyu masu zagaye, a sa makulli ko tsinke a danne ƙofar a cusa ta da ƙarfi. Wannan yana buɗa bakin tagullar, ya karya ƙofar. Wani ma ba ya neman filogi sam, sai ya fere waya ya cusa ya tokare da tsinken ashana. Haka kuma idan fis ɗin cikin filogi ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Fis kuwa mai gadi ne, aikinsa ke nan ya mutu domin gida ya tsira.

Alamomin Da Ba A Yi Wa Jinkiri

Duk soket ɗin da aka ga bakinsa ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ko aka taɓa aka ji zafi, ko yana warin ƙonanniyar roba, ya gama aiki. Haka wanda filogi ke zamewa daga cikinsa, da wanda sai an karkata filogi ko an ɗora masa dutse kafin ya kawo wuta, da wanda ya tsage ko yake lilo a bango. Idan kuma firji ko dutsen guga yana ɗan jan mutum, alama ce wayar ƙasa ta gidan ba ta aiki, ko ma ba a sa ta ba tun farko.

Wajen saye, araha ba ta ado. Soket na kirki yana da nauyi, ƙofofinsa suna rufewa, makunninsa yana ƙara sosai in an danna. Akwai wata dabara mai sauƙi: maganaɗisu ba ya kama tagulla, saboda haka in ya manne wa ƙarafan da ke damƙe filogi, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Waya ma a kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Wayar soket mai kaurin 2.5 ake sawa, ta fitila kuma 1.5. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ce ke kula da ingancin kaya, amma jabu bai ƙare a kasuwa ba, kuma har tambarin sanannun kamfanoni ake kwaikwaya.

Wajen sawa kuma, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA da ke ba masu aikin jan waya takardar shaida, kuma ba laifi ba ne maigida ya nemi ya gani. Ma'aikacin kirki zai kashe babban makunnin gida, ya kashe janareta da injin sola, ya gwada ya tabbata babu wuta kafin ya taɓa. Zai kuma sa makunni a kan waya mai rai, wadda ja ce a tsohon aiki, ruwan ƙasa a sabo. In aka sa shi a kan ɗaya wayar, fitila za ta mutu amma wuta tana nan a mazaunin ƙwan, tana jiran mai canja shi. Yana da kyau kuma a sa na'urar nan da ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum ko ta zurare ƙasa.

Mutanen Azare ba baƙin gobara ba ne. A watan Yuni na 2018 wuta ta ci babbar kasuwar garin, har marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Bauchi jaje. Kowace gobara da sanadinta, amma wanda ya ga abin da wuta ta yi wa dukiyar mutane a dare ɗaya ba zai raina tartsatsin da ke bayan labule ko kusa da katifa ba. In kuwa ta kama a soket, kada a watsa ruwa. A fara kashe babban makunni, a fitar da yara, a zuba yashi. Wanda wuta ta kama kuma kada a taɓa shi da hannu, a yanke wutar ko a ture shi da busasshen itace.

Saboda haka, ɗan Katagum da ke Agege ko Sabo ta Badun ko Anacha, idan zai aika da firji bana, ya haɗa da soket da filogi na kirki da ladan ma'aikaci. Idan ya je gida Sallah, bayan gaishe-gaishe, ya zaga ɗakin mahaifiya da na amarya da na yara, ya ɗora bayan hannunsa a kan kowane soket yayin da kaya ke aiki, ya kuma koya wa mutanen gida kashe komai da zarar an ɗauke wuta. Kuɗin wannan aiki duka bai kai na katifa guda ba, balle rai. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.