Gidan Tarihi Ba na 'Yan Makaranta Kaɗai Ba Ne

A watan Disamba na 2019, mujallar likitoci ta Birtaniya mai suna BMJ ta buga wani bincike na Daisy Fancourt da Andrew Steptoe, malamai a jami'ar UCL da ke Landan. Sun bibiyi rayuwar mutum 6,710 'yan shekara 50 zuwa sama a Ingila, har tsawon shekara 14, suna lura da wa ke zuwa gidajen tarihi da wuraren kiɗa da na wasan kwaikwayo. Masu zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya ragu da kashi 14 cikin ɗari a kan na waɗanda ba sa zuwa sam. Masu zuwa duk bayan 'yan watanni kuwa, ragin ya kai kashi 31.

Ajali dai na Allah ne, kuma masu binciken ma ba su ce kallon tsoffin tukwane ke tsawaita kwana ba. Dama mai abin hannu da mai ƙarfin jiki su suka fi fita. To amma waɗannan alƙaluma an same su ne bayan an cire tasirin dukiya da ilimi da ciwon da mutum ke fama da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai fita sai ya yi wanka, ya sa tufafi, ya taka da ƙafarsa, ya gaisa da mutane, ya ga abin da zai sa shi tunani, ya dawo da labarin da zai bayar. Kaɗaici da yawan zama wuri ɗaya na cin tsoho a hankali. Shi ya sa a 2018 wasu likitoci a birnin Montiriyal na Kanada suka fara rubuta wa marasa lafiya takardar shiga gidan zane-zanen birnin kyauta, kamar yadda ake rubuta magani.

A wurinmu, tsoho ba ya rasa mutane. Akwai jam'i sau biyar, akwai ɗaurin aure da suna da gaisuwar rasuwa, akwai jikoki. Wannan ni'ima ce da Turawa da yawa ba su da ita. Sai dai ladabin namu yana da wani gefe: "Baba, ka zauna ka huta", "Hajiya, ina za ki da wannan ƙafar?" Da haka ake zaunar da mutum a zaure ko a ɗaka, fitarsa mai nisa ta zama asibiti kawai. Fita don nishaɗi kuwa, sai a ga kamar ba ta dace da furfura ba.

Leƙa Gidan Makama a Kano, gidan da tarihi ya danganta da Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15. Mafi yawan masu zuwa 'yan makaranta ne cikin kayan makaranta, malami na kora su daga ɗaki zuwa ɗaki. Alhali wanda ya fi cancantar tsayawa gaban waɗannan kaya shi ne wanda ya rayu da irinsu. Tsohuwar da aka yi wa jere da tasoshi da ƙore ba ta bukatar karanta rubutun da aka liƙa a jikin gilashi. Ita za ta gyara wa mai rakiya bayani. Haka Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna Ahmadu Bello inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Ga saurayi, darasin jarrabawa ne. Ga ɗan shekara 75, safiya ce da yake tuna inda yake lokacin da labarin ya iso. Wanda ya taɓa tsayawa a filin da Mamman Shata ke waƙa, ko ya ji kuntigin Ɗan Maraya Jos da kunnensa, in aka kai shi inda ake kiɗan gargajiya, bakinsa zai buɗe da labaran da 'ya'yansa ba su taɓa ji ba.

Wuraren ba su yi mana kaɗan ba: Gidan Ɗan Hausa da marinar Ƙofar Mata a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, gidan tarihin Boubou Hama a Yamai, tsohon birnin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Abin da ake bukata shi ne dabara. Hawa dutsen Dala ba na mai ciwon gwiwa ba ne, turmutsutsun Hawan Daushe kuma sai da wurin zama da inuwa. A fita da sanyin safiya, a riƙe ruwa da magani, kada a cika wuri uku a rana ɗaya.

Masu kula da gidajen nan su sa benci a kowane ɗaki, su gyara banɗaki, su yi hanyar keken marasa ƙarfi, su kuma ware ranar da dattawa za su shiga kyauta. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, tambaye shi yau wane wuri ne ya daɗe bai gani ba, ka nemi mota ko a-daidaita-sahu ka kai shi ranar Asabar mai zuwa.