Barcin mai juna biyu: a kan gefe, kuma cikin sange

Daga watan Afirilu har saukar ruwan farko, daren Yamai, Tawa ko Damagaram bai cika bambanta da rana ba. Kwanon rufin da ya sha zafin digiri 40 da ɗoriya tun hantsi sai ya dinga amayo shi cikin ɗaka har tsakar dare. In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida. Mai lafiya ma juyi yake yi, balle macen da cikinta ya shiga wata bakwai. Rub da ciki babu hali, rigingine numfashi ya ƙi, ga ƙwannafi, ga fitsarin da ke tayar da ita sau uku ko huɗu kafin assalatu, ga kuma ɗan da sai gari ya yi tsit yake fara motsi.

An saba ɗaukar wannan tamkar wahalar da aka halicci mata da ita, kuma kunya kan hana mai cikin fari ta faɗa ma ko da uwarta. Amma kwanciyar watanni uku na ƙarshe ta wuce maganar jin daɗi, domin kuwa ta shafi ran abin da ke cikin.

Akwai wata babbar jijiya da ke maido jini daga ƙafafu zuwa zuciya, wadda ta bi ta gefen ƙashin baya. Idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yakan danne ta, jinin da zuciya ke turawa ya ragu, rabon da ke isa ga mabiyiya shi ma ya ragu. Wasu matan sukan ji jiri da gumi nan take, su juya da kansu. Wasu kuwa ba su jin komi.

Likitocin birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan ne suka fara jan hankalin duniya a 2011, da suka gano dangantaka tsakanin yanayin kwanciya da haihuwar ɗa ba rai. A 2013 wani binciken da aka yi a asibitin Korle Bu na Akara, a Gana, ya nuna irin wannan alama wajen matan da ke barci rigingine. A 2019 aka haɗa sakamakon bincike biyar, aka iske cewa daga sati na 28, haɗarin ya ninka fiye da sau biyu ga macen da barci ke ɗauka a rigingine. Abin ba ya yawan faruwa, bai kuma kamata ya zama dalilin firgita ba. Sai dai da wuya a samu rigakafin da ya kai wannan araha, tunda ko dala ba ya ci.

Shekara da shekaru ana ce ma mata gefen hagu kaɗai. Binciken 2019 bai ga bambanci tsakanin hagu da dama ba, abin da zai kwantar da hankalin wadda ta tashi da kwanciyar gefen dama tun tana ƙarama. Wadda kuma ta farka ta iske kanta a rigingine, sai ta juya kawai ta ci gaba da barcinta: kwanciyar farko ita ce aka fi daɗewa a cikinta. Ƙa'idar ta shafi har ɗan barcin bayan azahar.

Ba sai da katifar kanti ba. Tsohon zane a naɗe tsakanin gwiwoyi yana sassauta ƙugu, wani a ƙarƙashin ciki ya tallafe shi, matashi a bayan gadon baya ya hana mirginawa. Mai ƙwannafi ta ɗaga kai da kafaɗu, ta ci tuwon dare da wuri, ta rage mai da yaji. Ruwa ta sha shi sosai da rana, ta sassauta in dare ya yi. Shayin bayan isha'i da goron hira kuwa abokan gaban barci ne, ko da yake ba kowa ke son jin haka ba. Ƙwayar barcin da ƴan tebur ke sayarwa, wannan kam ba ta mai ciki ba ce.

Sauran magana ita ce sange, kuma nan ne zafi ke yin ɓarnarsa. Da an fito tsakar gida sai a bar shi rataye a ɗaka, wai yana tare iska, alhali da damina ta kama sauro ya dawo da ƙarfinsa. Masassarar cizon sauro tana ƙone jinin uwa, ta sa ɓari ko haihuwar ɗa marar nauyi, kuma mai cikin fari ce ta fi shiga haɗari. Ƙungiyar OMS ta ba da shawarar kwana cikin sange mai magani tun farkon ciki, da shan Fansidar wajen awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda. Kafa sanduna huɗu a tsakar gida aikin mintoci kaɗan ne, kuma aikin maigida ne. Haka nan rage mata daka da ɗibar ruwa: macen da ta kwanta bayan kowa ta kuma tashi kafin kowa, babu matashin da zai biya mata bashin barci.

Akwai dai rashin barcin da gyaran kwanciya ba ya magani. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, zubar jini ko ta ruwa, ko ɗan da ya saba motsi ya yi shiru: duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu, a kai ta CSI ko gidan haihuwa mafi kusa a cikin daren, kada a jira gari ya waye.